An yi wa magena tiyata, kuɗin ya fi ƙarfina: laifi ne in nemi taimakon jama'a?

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kaduna, ina zaune gidan iyayena. Muna da mage, Gimbiya, ta marigayiya kakata ce ta wajen uwa, ni ta bar wa ita. Kwana goma ke nan da babur ya buge ta a ƙofar gida, ƙashin cinyarta ya karye. A asibitin dabbobi aka ɗauki hoto, likita ya ce sai tiyata. An yi, an zura mata siririn ƙarfe a cikin ƙashin. Na ba da duk abin da na tara, Yayana ya ƙara mini, amma har yanzu saura naira 85,000, ga wani hoton da aka ce za a sake ɗauka nan gaba. Na ga yadda Turawa ke sa hoton dabbarsu a intanet a tara musu kuɗin magani, sai na rubuta nawa zan sa a Facebook. Yaya ya gani ya ce in na kuskura na zubar wa gidanmu mutunci, wai mutane na kwana da yunwa ni ina bara saboda mage. Umma ba ta ce komai ba. Anti, laifi ne? Sannan ta fara taka ƙafar, tana ta kuka a ɗakin da na rufe ta, ina ganin in bar ta ta riƙa fita tsakar gida. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce in ɓalla mata rabin farasitamol saboda zafi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Kaka, ya kai haske kabarinta. Zan fara da abin da kika sa a ƙarshen wasiƙar, domin maganar kuɗi za ta iya kwana, wannan kuwa ba za ta iya ba.

Kada ki ba ta farasitamol. Ko rabi, ko kwata, ko na ruwa da ake ba jarirai. Hantar mage ba ta iya sarrafa wannan magani ta fitar da shi kamar yadda tamu ke yi, sai ya zama guba ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500, irin wadda muke haɗiya don ciwon kai, tana iya kashe babbar mage. Alamunsa su ne dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da dagi su kumbura, numfashi ya yi sama-sama. Idan har an riga an ba ta kafin amsar nan ta iso gare ki, ajiye wayar ki ɗauke ta zuwa asibiti, ki faɗa wa likita abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta, domin akwai makari amma sai da wuri yake aiki. Aibufurofen da diklofenak ma haka, su ƙoda da ciki suke ci. Maƙwabciyarki alheri take nufi. Ki gode mata, ki kuma sanar da ita, kada wata rana ta ba tata. In kina ganin Gimbiya na jin zafi, likitan da ya yi aikin za ki kira. Suna da nasu maganin, irin su meloksikam, wanda ake aunawa da nauyin jikinta, kuma ko shi ana dakatar da shi in ta fara amai, ko zawo, ko ta ƙi cin abinci.

Batun fita tsakar gida kuwa, a'a. Na san kukan yana taɓa miki zuciya, amma takawar da kika gani ba warkewa ba ce, ƙarfen ne yake ɗauke da ita. Sandar da aka zura ta bi ta cikin ramin ɓargo ne ta tsayar da gutsattsarin ƙashin a saiti, wataƙila an ƙara da waya an ɗaure. Ƙashin kansa bai haɗe ba tukuna. A kwana goma, abin da ke tsakanin karayar nama ne mai laushi wanda sai a hankali zai yi tauri ya zama ƙashi. A babbar mage yakan ɗauki sati 8 zuwa 12, a 'yar ƙarama sati 4 zuwa 6. Irin wannan sanda tana hana ƙashi lanƙwashewa, amma ba ta da ƙarfin hana shi murɗewa, kuma murɗewa ce ke faruwa duk sa'ad da mage ta diro daga katanga ko ta juya da gudu bayan ƙadangare. Tsalle ɗaya ya isa ya rushe aikin.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da ƙashin cinya. In motsi ya yi yawa, sandar takan zame ta yi sama, kanta ya ɓullo wajen ƙugu, dab da babbar jijiyar da ke saukowa ta bayan cinya zuwa ƙafa. Kullum da safe ki ɗora yatsu biyu a saman ƙugunta ta ɓangaren aikin, ki shafa a hankali. In kin ji wani tsini a ƙarƙashin fata wanda babu shi jiya, ko kumburi mai ruwa-ruwa, ko ta yi ƙara da kika taɓa, ranar za ki kai ta. Haka nan in kin ga tana jan ƙafar, bayan dagin na gogar ƙasa maimakon tafin, ko da tana takawa sai ta daina farat ɗaya. Jijiyar nan in ta daɗe a danne ba lallai ta dawo ba.

Ɗakin ma ya yi mata faɗi. A ɗaki akwai gado, akwai taga, akwai teburin kekenki, kuma mage ba ta ganin tudu ta ƙyale. Keji take buƙata, mai tsawon kamar mita 1, wanda zai ɗauki shimfiɗa, kwanon abinci, na ruwa, da wurin yashi. Ba sai kin saya ba. Aron kejin kaji da aka wanke aka shanya a rana ya wadatar, in ƙasansa raga ce ki shimfiɗa katako ko kwali mai kauri kada ƙafar ta maƙale. Yashin ki zuba a tsohon tire mai gajeren baki, domin roba mai zurfi sai ta ɗaga ƙafa ta tsallaka. A nan za ta zauna sati 6 zuwa 8, ko har likita ya ga hoto ya ce a sassauta.

Kukan yakan ragu in ba ta jin an yar da ita. Ki ajiye kejin kusa da inda kike ɗinki tana ganinki, ki rufe rabinsa da zane don ta sami lungun ɓuya, ki sa mata tsohon ɗankwalinki a ciki. Da yamma ki rufe ƙofa, ki zauna a tabarma a ƙasa, ki fito da ita kan cinyarki hannunki na kanta. Kada a bar kejin a rana ko ƙarƙashin kwano mai zafi. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne maganin sauro: kafin a fesa ko a yayyafa fiya-fiya a fitar da kejin daga ɗakin, kada a dawo da shi sai warin ya fita. Magen da ke sake takan gudu daga wari, wadda ke kulle ba ta da inda za ta, kuma duk abin da ya sauka a gashinta lashewa za ta yi.

Ciwon ki duba shi safe da yamma. Ɗan ja a bakin ɗinki ba komai ba ne, amma mugunya, wari, zafi da kumburi mai ƙaruwa, ko bakin ya buɗe, na likita ne. Kada ki wanke da Dettol ko Izal, irin waɗannan da ke yin fari a ruwa guba ne ga mage. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko baƙin mai. In wurin ya ɓaci, ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, ki goge da auduga, shi ke nan. Ki lulluɓe kejin da guntun gidan sauro saboda ƙuda, don in suka yi ƙwai a ciwo tsutsa ce za ta biyo baya. In tana lasa ko tana jan zaren da haƙori, a sa mata mazurarin robar nan na wuya, a bar sararin yatsu biyu tsakaninsa da wuyan.

Abinci: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kaza, ƙwai, da abincin mage na kanti in da hali. Banda miyar gida, albasa da tafarnuwa na lalata musu jini. Banda hanta kullum, kuma madara takan sa yawancin manyan maguna zawo. Tsokar nama zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi, don haka ki tambayi likita abin da za a ƙara mata. In ta yini ta kwana ba ta ci ba, ko ba ta yi fitsari ba, ki kira shi.

In kin duba, duk wannan maganar kuɗi ce. In ƙarfen ya goce, aiki na biyu yakan fi na farko wuya da tsada, ga shi na farkon ma ba a gama biya ba. Mafi girman taimakon da za a yi wa aljihunki a wata biyun nan keji ne zai yi shi, kuma kyauta. (In Allah ya ƙaddara hakan ta faru duk da ƙoƙarinki, kada ki ji kunyar tambayar likita batun yanke ƙafar. Maguna na rayuwa lafiya lau da ƙafa uku, kuma ba zalunci ba ne.)

Za a sami mai cewa da maɗori kika kai ta da an huta. Karan da ake ɗaura wa akuya yana aiki ne a ƙasan gwiwa, inda ƙashi ke kusa da fata. Ƙashin cinya binne yake cikin tsoka, kuma ba ɗaurin da zai riƙe ƙugu ya hana shi motsi. Ba almubazzaranci kika yi ba, abin da karayar ke buƙata kika yi mata.

Yanzu tambayarki. Kula da dabba ba abin kunya ba ne a addininmu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. A cikinsu kuma akwai mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, har sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. A Muwaɗɗa ta Imam Malik ya zo cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Duk wanda ya ce miki tausayin mage wauta ce, bai faɗi daidai ba.

Amma ki lura da wanda waɗannan hadisai suke ɗora wa nauyi: mai dabbar, da wanda ya gan ta cikin wahala a gabansa. Amanar Gimbiya a wuyanki take, ba a wuyan jama'ar Facebook ba. Roƙo kuma abu ne da addini ya ƙuntata ƙofarsa, ya ce hannun sama ya fi na ƙasa. A nan Yayanki yana da gaskiyarsa, ko da lafazinsa ya yi zafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Abin da ya rage a kanki ya fi abin da magidanci mai iyali da ke kan wannan albashi zai karɓa a wata. A cikin masu ganin rubutunki akwai wadda ɗanta ke kwance an rubuta mata maganin da ba ta iya saya ba. Ba laifinki ba ne, amma ba za ki iya hana ta jin abin da za ta ji ba.

Abin da kika gani wurin Turawa kuma yana da tushen da ba mu da shi. A can akwai inshorar dabbobi. A Ingila akwai ƙungiyoyi irin su PDSA, wadda tun 1917 take duba dabbobin marasa hali. Dandalin GoFundMe da suke tara kuɗin a kai ma ba ya buɗe wa mai asusun bankin Najeriya. In kika sa naki a Facebook, abin da na fi tsammani shi ne a ɗauki hoton rubutun a yi ta yawo da shi, masu zagi su fi masu bayarwa yawa, lambar asusunki da sunanki su shiga hannun da ba ki sani ba. Akwai masu turo alat na bogi, sannan su kira su ce sun yi kuskure sun tura fiye da niyyarsu, a mayar musu da ragowar. Shawarata ita ce ki goge wancan rubutun. Ba don neman taimako laifi ne ba, sai don wannan ƙofar za ta ci mutuncinki da zumuncinki, kuma da wuya ta kawo 85,000.

Ƙofar farko likitan ne. Ki nemi ya rubuta miki lissafin komai har ƙarshe: ragowar kuɗin aiki, hoto na gaba, da cire ƙarfen in za a cire, domin irin wannan sanda sau da yawa ana zare ta bayan ƙashi ya haɗe, kuma sai an sake yi mata allurar barci. Gara ki san jimlar yau da ki gama biyan wannan wani ya faɗo miki. Sannan ki roƙe shi a raba miki biya wata-wata, ki faɗi adadin da kika tabbata za ki iya, ba wanda zai burge shi ba. Wanda ya ga kin riga kin biya kaso mai yawa yakan saurara. In kuɗin hoton ya yi nauyi, ki tambaye shi ko za a iya ɗauka a asibitin dabbobi na gwamnati, ko na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a kawo masa ya duba. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne tsallake hoton don tsimi. Shi kaɗai ne zai nuna ko ƙashin ya haɗe, ido ba ya gani.

Sai naki hannun, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ke tela ce, kina da abin sayarwa. Ki gaya wa kwastomominki na amana cewa wata buƙata ta taso miki, duk mai ɗinki a gaba ta biya yanzu ki yi mata ragi. Wannan ciniki ne, ba roƙo ba. In kina adashi, ki nemi uwar adashi ta yi miki musayar kwasa da wata da ba ta matsu ba. In rance za ki ci, ki ci wurin mutum ɗaya, a rubuta, a sa ranar biya. Ki nisanci manhajojin ba da bashi na waya, ruwansu na ninkawa, kuma in an makara sukan bi lambobin wayar mutum suna tozarta shi.

Abin da ya rage bayan wannan, akwai mutanen da za ki iya tambaya kanki a ɗage: 'ya'yan Kaka da jikokinta. Magen tata ce. Kawunnanki da innoninki sun san ta kwance a gefen tabarmar tsohuwar, sun ga tana ɓalla mata kifi daga kwanonta. Gaya musu ba tallar talauci ba ce, sanar da dangi ne halin da abin da mahaifiyarsu ta bari yake ciki, kuma wani zai so ya bayar da niyyar Allah ya kai ladan gare ta. Amma ki fara da Umma. Shirun da ta yi ba lallai fushi ba ne, mahaifiyarta ce fa ta bar magen. Ki same ta ita kaɗai bayan sallar isha, ki nuna mata takardar likita, ki tambaye ta ko ta yarda a gaya wa 'yan'uwanta. In ta ce a'a, ki bar shi, biyan wata-wata da ɗinki za su kai ki, sai dai a hankali.

In ta yarda, saƙon ya zama gajere, kamar haka: "Magen Kaka ta karye, an yi mata aiki, tana samun sauƙi. Na biya kaza, saura kaza, ga rasit. Wanda Allah ya hore wa ya kuma so, ga asusun asibitin. Wanda bai samu ba, addu'arsa ta wadatar." Sau ɗaya za ki tura, ba bibiya, ba kiran wanda ya yi shiru. Kada ki sa hoton jini, kada ki ce za ta mutu tunda ba haka ba ne, kada kuma ki rubuta "mara lafiya a gidanmu" ki ɓoye cewa mage ce, wannan yaudara ce ko da kuɗin ya tafi inda ya dace. In kuɗin ya cika ki sanar a daina, in ya yi rara ki mayar ko ki nemi izinin mai shi kafin ki sa a kuɗin hoto. In wani ya ce zai ba ki daga zakkarsa, ki ce masa a'a: aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya rukunin mutane takwas da ake ba zakka, jinyar dabba ba ta ciki. Sadaka ce ta ganin dama.

Yaya kuma, kafin ki ce masa komai ki gode masa. Mutumin da ya zaro kuɗinsa ya sa a aikin mage ba maƙiyinta ba ne, sunan gidanku yake karewa. Ki ce, "Yaya, na ji maganarka, na fasa sawa a Facebook, ga yadda nake so in yi." Ki nuna masa lissafin, ki roƙe shi ya raka ki wurin likita, domin maganar biya kashi-kashi takan fi sauƙi in babba yana wurin.

Zuwan ma ya yi, don zaren ɗinki ana cire shi ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, wato satin nan. Ki sa ta a kwando mai murfi da tawul a ƙasa, ki riƙe a cinyarki cikin keke, ba a kan babur ba. Ki tambayi likitan ranar hoto na gaba, ko ƙarfen na cirewa ne, da ko akwai motsa gwiwar da yake so ki riƙa yi mata a hankali, domin bayan karayar cinya tsoka kan ƙage gwiwa ta sandare, musamman a ƙananan maguna. In ya ce a yi, ya nuna miki da hannunsa, ki gwada a gabansa kafin ki fito. Allah ya ba ta lafiya, ya buɗa miki.